Haƙoran Gefen Mataji

Har yanzu in na farka da safe, kafin in sauko da ƙafa daga gado, sai na rufe idon hagu da tafin hannu na dubi rufin kwano da na dama. Akwai wata tsatsa kusa da ƙusar tsakiya, ita nake nema. In na gan ta sai in tashi in yi alwala. Inna ta ce in daina, wai haka ake kiran ciwo da baki. Ban daina ba tukuna.

Abin ya faru ne a daminar da nake estaj, wato zaman koyon aiki. Na fito daga lise, babbar sakandare ta Agiye, ban samu takardar bak ta gamawa ba, na koma gida Gazawa ina taya Inna suyar ƙuli-ƙuli. Ana nan sai aka buɗe wani gajeren horo a Maradi na gyaran fibur, wato baƙar igiyar nan da aka binne a gefen gudro, babban titin kwalta, wadda ke ɗauko maganar waya da duk abin da mutane ke kallo a salula. Na yi horon, aka tura ni wurin masu kula da layin daga Gidan Rumji har gabas da garinmu. Sharaɗin a fili yake. In estaj ya ƙare, shugabanmu, wanda kowa ke kira Shef, shi zai ce a riƙe ni ko a sallame ni. Ba su taɓa ɗaukar mace ba. Baba da rabin baki ya yarda. Ni kuwa ina son aikin nan irin son da ke mantar da mutum bai karya kumallo ba.

Mu uku ne kullum a mota. Shef Bagobiri ne, dogo, ba ya ɗaga murya ko tayar mota ce ta fashe. Sai Direba, dattijo mutumin Cadakori, wanda bakinsa ba ya hutawa. Tun ranar farko ya raɗa mini Injiniya, don tsokana.

In aka fere baƙar igiyar, a ciki akwai zaruruwan gilashi, kowane bai wuce kaurin gashin kai ba, an yi musu riga kala-kala don a bambance su. Hasken lazer ne ke gudu a cikinsu. Wannan na sani tun a horo, amma ban ga siffarsa ba sai ranar da Shef ya buɗe mana wani ɗan ɗaki mai sanyi a gindin dogon ƙarfen nan na Agiye mai ba waya rezo, wato sabis. Ya jona wata na'ura, fuskarta ta kawo. Sai ga layuka sirara a tsaitsaye, a jere, tazararsu ɗaya.

"Mi kinka gani?" in ji shi.

"Mataji," na ce, don shi ne ya zo mini. Ina rufe baki kunya ta kama ni.

Direba ya kwashe da dariya daga bakin ƙofa. "Ka ji mata. An kawo ta ta ga ilimin Nasara, ita kitso take hange."

"Ba ta yi kuskure ba," Shef ya ce. "Masu abin ma haka sunka kira shi da Faransanci, penyi. Kai ne ba ka sani ba, ga shi kuma ba ka da gashin da za ka taje."

Ya ce kowane haƙori launin haske ne dabam, kuma kowane yana ɗauke da kayansa: maganar mutane, hotuna, saƙon ƴan kasuwa. Duka cikin zare ɗaya suke tafiya, ba mai taka wani. Na dubi fuskar na'urar, na ga matajin a tsakiya kawai yake, dama da hagu fili ne fetal. Na tambaye shi me ya hana a ƙara haƙora a can, tunda kullum mutane kuka suke rezo ya yi nauyi.

"Fadama tana da iyaka," ya ce. "Wanga gilashi da injin da ke ƙara wa hasken ƙarfi a hanya, ɗan tsakin nan kaɗai sunka yarda da shi. Ki matsa gaba kaɗan, injin ba ya ciyar da shi. Ki ƙara matsawa, gilashin da kansa ya shanye shi. Kuma ki lura, na tsakiya su ne ƙarfafa. In wani abu ya taɓa layi, na gefe ke fara zubewa."

Na tuna matajin katako na Inna. Shi ma haƙoransa na baki-baki ne suka fara karyewa, na tsakiya suna nan daram. Ban faɗa ba, don kar in ba Direba abin dariya na sati guda.

To, a wurin aikinmu ba mai cewa haske. Wuta muke cewa. Ai a bakinmu ta murhu wuta ce, ta lantarki wuta ce, fitilar mota ma wuta ce. Muna da wani ɗan abu kamar bik na rubutu, mai fitar da jar wuta. In zare ya mutu sai a jona shi a baki ɗaya, a bi zaren da kallo, inda ya karye sai ka ga ja yana tsiyaya ta jikin rigarsa. Kusan kullum ni ake sa wa wannan aikin. "Duba wuta," in ji Shef, sai in duba, in ce ga ta nan ko babu. Muna kuma da ƴar na'urar awo mai kama da salula, mita, ita ce ta ainihin wutar layin. A horo an gaya mana wutar layi ba ta ganuwa, kuma ba a kallon bakin zare. Na ji, na haddace, na ci jarrabawa a kai. Amma da Faransanci aka faɗa, kuma da Faransanci maganar ta zauna a kaina. Ba ta sauko hannuna ba.

Wata safiya bayan ruwa mai yawa aka kira mu. Korama ta ci gefen gudro tsakanin Agiye da Gazawa, ta tono igiyar, amalanken shanu ya bi ta kai ya tsinka ta. Muka isa gero ya kai gwiwa ta ko'ina, hadari bai gama watsewa ba. Muka share yashi, muka fere igiyar, na zauna cikin ramin da zaruruwan a cinyata. Shef yana sama a bakin hanya, waya a kunne, yana magana da buro, wato ofishinmu na Maradi. Sai ya leƙo.

"Duba mini ko da wuta a na shuɗin."

Na ɗauki shuɗin zaren, na kai bakinsa daf da idona na dama, na leƙa kamar mai neman kafar allura. Duhu.

"Babu wuta, Shef."

"Nawa mita ya nuna?"

"Ban sa mita ba. Da ido na duba."

Ya sauke wayar daga kunnensa. Ya sauko ramin a hankali, ya karɓi zaren daga hannuna ta baya, ya juya bakinsa ƙasa, ya sa shi a mita. Lambobi suka fito.

"Akwai wuta," ya ce, ƙasa-ƙasa. "Wane ido?"

"Na dama."

"Kusa?"

"Kusa."

"Kar ki murza."

Ai kafin ya rufe baki na riga na murza, da hannun da ke cike da yashi. Nan take idon ya ɗauki raɗaɗi, hawaye ya ɓalle. Da ihu ya yi mini, da na ji sauƙi. Sanyin muryarsa ne ya gaya mini abin babba ne. Ya sauke kayan aiki daga mota, ya ce wa Direba ya kai ni asibitin Maradi wurin likitan ido, kar ya tsaya ko'ina. Shi zai zauna ya haɗa layin shi kaɗai, don gari da gari sun yanke.

Ranar ce kawai na ga Direba ya yi tuƙi bai yi magana ba. Na dafe idon da gefen hijabina. Can in ɗan buɗe in dubi itatuwan gawo a cikin gonaki, tsirara ba ganye kamar yadda suke da damina, sai in ga sun narke cikin ruwa, in sake rufewa. Na yi ta karanto duk addu'ar da na sani, wasu na fara ban kai ƙarshe ba. Abin da ya fi cina shi ne ban ji komai ba lokacin da abin ya shige ni. Babu zafi, babu walƙiya. To ta yaya zan san iyakar ɓarnar? Muna wuce Agiye na ce a raina shi ke nan, mai ido ɗaya ba ta haɗa gashin gilashi da gashin gilashi.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta ɗiga mini wani ruwa rawaya, ta sa haɓata a kan wani ƙarfe, ta haska da shuɗiyar fitila. Ta daɗe tana dubawa. Ta sa na karanta baƙaƙe a bango, manya har zuwa ƙanana.

"Babu ƙuna," ta ce. "Ƙarzuwa ce, kuma yashi ne ya yi ta, ba lazer ba. Irin wannan hasken a gaban ido yake tsayawa, ga shi bakin zaren a karye yake, ya watsa shi. Amma da mai ƙarfi ne sosai, ko da madubin ƙara girma kika leƙa da shi, da yanzu wata maganar muke. Kin ji ni?"

Na ce na ji. Ta shafa magani, ta rufe idon da auduga. Da muka fito, Direba ya sauke numfashi ya ce, "Injiniya, kin sa na rufe baki tun daga Agiye. Matata shekara da shekaru tana nema ba ta samu ba." Na so in yi dariya, kuka ne ya fito.

A gida Baba yana zaure a kan tabarma. Ya saurari Direba har ƙarshe, ya yi masa godiya, ya raka shi. Da ya dawo ya dubi audugar da ke fuskata.

"An gama," ya ce. "Wutar murhu in ta kama zanenki kin gan ta, kin kashe. Wagga fa, ta ina za ki kauce mata? Ki zauna gida."

Ban yi gardama ba. Gaskiyar magana daɗi na ji a ƙasan raina, kamar an sauke mini tulu daga ka.

Kwanakin da suka biyo baya mata suka yi ta shigowa dubiya. Wata maƙwabciyarmu ta ja Inna gefe, amma da muryar da har kaji sun ji, ta ce wutar da ba a gani ai ta mutanen ɓoye ce, a nemi taimako tun da wuri. Inna ta karɓo rubutu, na sha. Idon yana warkewa, sai hannu ya ɗauki nasa. In na ɗauki ludayin fura sai ya yi ta kaɗawa har ta zuba mini a zane. Ko zaren ɗinki na gani a ƙasa sai gabana ya faɗi.

Zaman banza ne ya sa na ɗauki salula wata rana da hantsi, a ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida. Da idon hagu na rubuta kalmar nan da Shef ya faɗa, penyi, na haɗa da lazer. Rezo ya yi nauyi ƙwarai a kwanakin, shafi sai ya yi ta juyi kafin ya buɗe. Faransancin ma ya fi ƙarfina a wurare da yawa. Amma na tsinci abin da na tsinta.

Na farko, ashe bakan gizo ba a kan ja ya ƙare ba. Idonmu ne ya ƙare a nan. Bayan ja akwai wasu launuka a jere da ba a ba ɗan Adam ganinsu ba, kuma a can wutar layinmu take zaune.

Na biyu shi ne ya riƙe ni har rana ta taso mini a ƙafa. Ashe akwai lazer guda ɗaya da ke haifar mataji sukutum shi kaɗai, haƙora dubbai, tazararsu daidai wa daida, har masana na auna haske da lokaci da shi kamar yadda tela ke auna yadi. Ba ya haskawa a miƙe. Ƙyallawa yake, ƙyal, ƙyal, ƙyal, a kan ƙa'ida kamar mata na lugude a turmi, sai dai shi sau miliyoyi kafin mutum ya ƙifta ido. Saurin luguden ke yanke tazarar haƙora. Gajartar kowane ƙyal kuma ita ke yanke faɗin matajin, iya gajartarsa iya faɗinsa. Na ce to su gajarta shi mana har matajin ya kai bangon duniya. Ashe su ma a nan suke fama. Abin da ke cikin lazer ɗin yana da iyakar launukan da zai iya ciyarwa. Gilashi kuma ba ya barin launuka su yi gudu ɗaya, wani ya riga wani, sai tafiyar ta watse kamar ayarin da ya haɗa mai jaki da mai kabu-kabu. Sukan tura hasken ta wani zare na musamman ya ja matajin ya buɗe, kuma yana buɗewa. Amma ƙwaryar fura ɗaya ce, masu sha kawai ake ƙarawa. Haƙoran can gefe sai su yi ta gajarcewa har a kasa bambance su da ƙura.

Na ajiye salular a cinya. Wato manyan masu ilimi, a ɗakunansu masu sanyi, su ma a bakin matajinsu suke tsaye suna lallashin haƙori ɗaya ya ƙaru. Abin da ya shiga idona ba na mutanen ɓoye ba ne. Yana da unguwarsu, yana da iyaka dama da hagu, ana auna shi da mita. Tsoron da ke kaina ya ragu tun daga ranar. Na hannuna ko gezau.

An cire audugar ke nan Shef da Direba suka zo dubiya da ƙullin goro. Ina bayan ƙofar zaure ina jin su. Bayan gaisuwa ta yi tsawo, an tambayi damina da gero da iyali, Baba ya ce:

"Kai ne mai wutar?"

"Ni ne mai bakin da ya ce duba, Baba. Da auna na ce, da ba mu zo nan da goron ban haƙuri ba. Tun ran nan na hana kalmar a wurin aiki. Ko Direba in zai duba mai a mota, sai ya ce zai auna."

"Har tuwo yanzu aunawa nake," in ji Direba.

Baba bai yi dariya ba, amma na ji ya gyara zama.

"Ɗiyarku tana da hannu," Shef ya ci gaba. "Ban zo in ce ba haɗari ba. Akwai. Amma haɗari ne mai ƙa'ida, kamar rijiya. Estaj ɗinta ya kusa ƙarewa. Ku bar ta ta kai ƙarshe."

Sai Baba ya ce, "Ke, na san kina nan bayan ƙofa. Shigo."

Na shiga na durƙusa.

"Kina son komawa?"

"Tsoro nake ji, Baba."

"Ba shi na tambaye ki ba."

Na dubi hannuwana a kan gwiwa, suna ɗan motsinsu. "Ina so."

"To ki ƙarasa. In ya riƙe ki, Allah ya sa albarka. In bai riƙe ki ba, kar in sake jin maganar igiya a gidan nan."

Ranar da na koma, ba wurin rami Shef ya fara kai mu ba. Ɗakin sanyin nan na Agiye ya buɗe, ya kunna na'urar. Matajin yana nan, amma ya karkace. Haƙoran hagu da na tsakiya a tsaye, na dama kuwa suna ta gangarowa, na ƙarshen duk sun dusashe kamar bakin tsohuwa.

"Aikina ne," ya ce. "Cikin yayyafi na haɗa shi, hankalina yana Maradi wurin idonki. Na naɗe zaren cikin akwati na matse shi. In anka lanƙwasa shi da yawa, wutar gefen nan ita ke fara tsiyayewa ta gwiwar. Yau za a sake shi duka." Ya dube ni. "Ke za ki yi."

Na so in ce ya ba ni wani aikin, riƙon lema ko share yashi. Amma na san abin da ake aunawa ranar, kuma ba zaren ba ne kaɗai.

Muka koma bakin koramar. Ƙasa ta bushe, manoma na ta maimai a gonakin gefen hanya. Shef ya kira Maradi aka karkatar da layin, aka kashe wutar. Ya ce mini an kashe. Na ce to, na ɗauko mita na auna kowane zare da kaina, bakinsa na kallon ƙasa. Na gama na sake bi ta kansu. Bai hana ni ba.

Haɗin kansa ba wuya a faɗa. A zura wa zare ƴar rigar kariya, a fere bakinsa, a goge shi fes da ruwan alkol, a yanke shi ƙaf da abin yanka, a kwantar da shi cikin injin walda baki da baki da ɗan'uwansa. Injin ya daidaita su ya narka su su zama ɗaya. Na fere, na goge, na yanke. Wurin kwantarwa hannuna ya kaɗa, bakin zaren ya daki ƙarfe. Injin ya nuna mini shi a fuskarsa, ya tsage, ya ƙi karɓa. Na sake. Wannan karon ya kama, walda ta yi kyau, sai na ga rigar kariyar a kan cinyata, na manta ban zura ta ba. Dole na karya abin da na haɗa da hannuna.

Zufa ta jiƙa mini hijabi. Shef yana tsugune a bakin rami. Direba ne ke riƙe mini da lema.

"Injiniya," ya ce, "in rawa za ki yi, gaya mini in aika a kira makaɗa. Wannan kaɗa hannun ba kiɗa asara ne."

Dariya ta kufce mini, har da majina. Ina share fuska sai na tuna yadda Inna ke sa kwalli. Hannunta ma yana rawa tun da ta fara manyanta, amma ba ta taɓa tsokane ido ba, don takan kafa ɗan ƙaramin yatsa a kan kumatu, sauran yatsun su yi aiki. Na kafa nawa a gefen injin. Hannun bai daina rawa ba, amma rawar ta tsaya a wuyan hannu, ba ta kai bakin zaren ba. Na kwantar da shi. Na rufe murfi. A fuskar injin bakuna biyu suka matso, suka dubi juna, aka yi ɗan farin walƙiya, sai ga zare ɗaya miƙaƙƙe ba alamar tabo.

Na yi na biyu, na yi na uku. Wajen na tsakiya na daina jin motocin da ke wucewa. Wata mata mai goyo ta taho daga gona da fartanya a kafaɗa, ta leƙo ramin.

"Macce ce a ciki?" ta tambayi Direba.

"Macce ce. Mu ƴan riƙon lema ne."

Ta tsaya ta daɗe tana kallo, ta ce Allah ya ba da sa'a, ta wuce.

Da na gama, na naɗe zaruruwan cikin akwati da faɗi, a sake, ba gwiwa ko ɗaya. Shef ya sauko ya bi su da kallo, ya rufe akwatin da kansa. Ya kira Maradi ya ce a maido wuta. Muka binne, muka kama hanyar Agiye.

A ɗakin sanyi ya miƙo mini igiyar na'urar ya ce in jona. Fuskar ta yi duhu, ta kawo. Na rufe ido biyu, sannan na buɗe. Matajin ya miƙe. Haƙoran dama da suka kwanta da safe duk sun tashi tsaye, har na can ƙarshe, ɗan gajere kaɗan kamar yadda na gefe yake kullum, amma a tsaye, da kansa a sama. Na bi su da ido daga wannan baki zuwa wancan, na dawo. Da idona na dama nake ganinsu, tar.

Shef ya daɗe yana kallo. Sannan ya dubi ƙafafuna.

"Wanga takalmin aiki na aro ya yi miki yawa. Direba, in ka shiga Maradi ka karɓo mata nata a buro, daidai ƙafarta."

Ban gane ba, na tsaya ina kallonsa.

"Ba a yanka wa baƙo takalmi, Injiniya," in ji Direba.

"Na riƙe ki," Shef ya ce, yana naɗe igiya. "Gobe akwai aiki wajen Gidan Rumji. Ki karya kumallo kafin ki fito."

Na fita waje, na zauna a kan dakalin siminti a gindin ƙarfen rezo. Na kira Baba. Bugu ɗaya ta shiga, muryarsa ta fito garau, ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa.

"Idon?" ya ce.

"Lafiya lau, Baba. An riƙe ni."

"To. Madalla. Ki dawo da wuri."

Ya sa wayar a aljihu bai kashe ba, Baba bai taɓa iya kashe waya ba. Sai na ji shi ta cikin riga yana gaya wa mutanen rumfa. Wai ba su lura rezo ya warware ba? Wai ɗiyarsa ce ta gyara shi yanzun nan, tun daga Maradi har Damagaram, ita kaɗai, maza biyu na riƙe mata da lema. Wani ya ce haba Alhaji. Baba ya ce to ya ciro tasa wayar ya gwada mana.

Salular na ta kaɗawa a kunnena, na sa hannu biyu na riƙe ta. Na zauna nan a rana ina saurare, har ya gama ba su labarin ya sake ɗaukowa daga farko don wani da ya iso a makare.